Me ya sa mabiya addinin Hindu suke wanka a tafkuna da kogunan wuraren ziyararsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A farkon 2025 na ga hotunan ɗimbin jama'a suna nitso a wani kogi a Indiya, aka ce ibada ce, kuma na lura cewa yawancin wuraren bautarsu da ake nunawa a finafinai suna da tafki mai matakala a gefe. Mene ne asalin wannan wanka, wane irin ruwa suke ɗauka mai tsarki, kuma yaya za a ce ruwa mai tsarki ne alhali ido yana ganin dattinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zan fara da gaɓar ƙarshe ta tambayarka, domin idan ta warware sauran za su zo da sauƙi. Muna da kalmomi biyu da muka saba haɗawa, tsarki da tsafta, kuma wanda ya yi karatun fiƙihu ya san cewa ruwan da najasa ta canza wa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba ya tsarkakewa, wato a wurinmu halin da ruwa yake ciki yana shafar hukuncinsa. A aƙidar Hindu an raba abubuwan biyu. Tsafta lamari ne na ido da hanci, tsarki kuwa yana zuwa ne daga wurin da ruwan yake, da labarin da aka jingina masa, da lokacin da aka shige shi. Saboda haka mai ziyara zai iya yarda da kai cewa akwai ƙazanta a kogin Ganga, har ya yi ƙorafi a kanta, amma ba zai yarda cewa ƙazantar ta taɓa tsarkin kogin ba, domin a ganinsa kogin uwa ce, 'ya'yanta ne suka ɓata mata tufa.

Kalmar da suke kiran wurin ziyara da ita a harshen Sanskrit ita ce tirtha, kuma ma'anarta ta asali mashigi, wato wurin da ruwa bai da zurfi har mutum zai iya ƙetarewa zuwa ɗaya gaɓar. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta koma wurin da ɗan Adam yake ƙetarewa daga duniyar mutane zuwa ta abubuwan bauta, ko daga zunubi zuwa tsarki, ko daga zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, wanda suka yi imani da shi, zuwa kuɓutar da suke kira moksha. Ita kanta ziyarar tirtha-yatra ake ce mata, tafiya zuwa mashigi. Ko da wurin ziyarar yana ƙololuwar dutse, sunansa yana nan tirtha, kuma da wuya ka je ka rasa wani ruwa a kusa, ko marmaro ne ko rijiya ko tafki.

Babban ruwa a wurinsu shi ne kogin Ganga, wanda ya taso daga ƙanƙarar Gangotri a tsaunukan Himalaya, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,500 kafin ya faɗa tekun Bengal. Labarin da littattafansu suka kawo shi ne cewa kogin a sama yake, sai wani sarki mai suna Bhagiratha ya yi doguwar ibada yana roƙon a saukar da shi domin ya ratsa tokar kakanninsa, 'ya'yan Sarki Sagara su 60,000 da aka ƙone, ko sa samu tsira. Da yake ƙasa ba za ta iya ɗaukar ƙarfin faɗowarsa ba, sai Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, ya tare shi da sumar kansa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ka lura da cewa tun a cikin labarin matattu ne dalilin saukowar kogin, kuma shi ya sa har yau iyalai suke ɗaukar tokar mamatansu daga nesa su kai Haridwar ko Prayagraj ko Banaras su zuba a ruwan. A Banaras, wanda sunansa na hukuma Varanasi, akwai matakalu na dutse fiye da 80 da suka jeru a gaɓar yamma ta kogin, ana kiran kowace ghat. Yawancinsu na wanka ne, biyu kuma, Manikarnika da Harishchandra, na ƙona gawa ne, wuta ba ta mutuwa a cikinsu dare da rana. Da yawa daga cikin gine-ginen da ake gani yanzu sarakunan daular Maratha ta yammacin Indiya ne suka gina ko suka sabunta a ƙarni na 18.

Wankan kansa ba na sabulu da soso ba ne. Tun kafin fitowar rana mai ziyara yake saukowa matakala, namiji da ɗan zane ɗaure a ƙugu, mace kuwa da sarinta a jiki take shiga. Yakan fara zama gaban wani malamin wurin, wanda ake kira panda, ya ɗebi ruwa a tafin hannun dama, malamin yana faɗa yana maimaitawa: sunansa, da zuriyar da ya fito, da sunan wurin, da shekara da wata da rana, da abin da ya kawo shi. Wannan furucin shi ne sankalpa, kuma in ba shi, a wurin malamansu, mutum jiƙa jikinsa kawai ya yi. Sannan ya shiga ruwa zuwa ƙugu ko ƙirji, ya toshe hanci, ya nutsa gaba ɗaya, galibi sau uku. Idan ya ɗago sai ya fuskanci gabas, ya cika tafukansa biyu da ruwa, ya ɗaga ya tsiyayar da shi ga rana. Wanda iyayensa suka rasu yakan juya kudu ya zuba musu ruwa gauraye da baƙin riɗi. Daga ƙarshe ya yi sadaka, ya cika 'yar butar tagulla ko jarkar roba da ruwan domin mutanen gida. A Har ki Pauri da ke Haridwar, inda ruwan yake da sanyi da gudu saboda bai daɗe da barin tsaunuka ba, an kafa sarƙoƙi a gefen matakala domin mai nitso ya riƙe kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Su kuwa pandan Haridwar suna da wani aiki da yake burge masana tarihi, domin suna riƙe da manyan kundaye inda suke rubuta sunan duk wanda ya zo daga iyalan da suke yi wa hidima, har mutum ya je a buɗe masa shafin da kakan kakansa ya sa hannu.

To amma Indiya tana da faɗi, kuma ba kowa yake kusa da Ganga ba. A nan ne tafki ya shigo, kuma a ganina nan ne hikimar tsarin take. Akwai wata addu'a sananniya da Bahinde yake karantawa ko da a banɗakin gidansa ne da bokiti, inda yake kiran koguna bakwai, Ganga da Yamuna da Godabari da Saraswati da Narmada da Sindhu da Kaberi, yana roƙonsu su halarto cikin ruwan da ke gabansa. Ma'ana, tsarkin kogi abu ne da ake iya gayyata ya zo. Tafkin wurin bauta wannan gayyatar ce aka gina ta da dutse. Sunayensa sun bambanta daga yanki zuwa yanki, a arewa kund ko sarobar, a kudu pushkarini ko kalyani ko kulam, amma fasalinsa kusan ɗaya ne: rami mai kusurwa huɗu, da matakalu da suka kewaye shi suna sauka har ƙasa, ta yadda ko ruwa ya cika da damina ko ya ja da rani mai wanka zai kai gare shi. Kusan kowane ɗaya yana da labarin da yake cewa Ganga tana ɓullowa a cikinsa ta ƙarƙashin ƙasa, ko kuma tana ziyartarsa a wata rana.

Ginin irin waɗannan tafkuna tsohon abu ne. A Mohenjo-daro da ke lardin Sindh na Pakistan an tono wani babban wurin wanka na tubali, mai tsawon kimanin mita 12 da faɗin mita 7, da matakalu a ɓangarori biyu, an shafe shi da kwalta don kada ya yi yoyo, kuma ya girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da shekara 2,500 ko kusa da haka. Masana da dama suna ganin na wankan ibada ne. Shahararren malamin nan Al-Biruni, wanda ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya bayyana yadda suke jera manyan duwatsu hawa-hawa kewaye da tafki, suna ɗaure su da ƙarfe, ya kuma ce sun kai matuƙa a wannan fasaha, har mutanensa Musulmi idan suka gani sukan yi mamaki, su kasa siffantawa, balle su gina irinsa. A zamanin nasa aka gina tafkin Surya Kund na haikalin rana da ke Modhera a Gujarat, wanda matakalunsa suke ɗauke da ƙananan ɗakunan bauta masu yawa, kuma yana nan har yanzu.

Al-Biruni ya kawo wani abu da ya ji game da tafkin Thanesar, a yankin Kurukshetra na jihar Haryana ta yau, cewa a lokacin husufi ruwayen dukkan tafkuna masu tsarki suna zuwa su taru a cikinsa, don haka wanda ya yi wanka a wannan sa'ar kamar ya yi a dukkansu ne. Shekara kusan dubu ke nan, kuma har gobe idan aka yi husufin rana jama'a suna cika tafkin Brahma Sarobar na garin. Irin wannan tunanin ne a Kumbakonam da ke Tamil Nadu, inda tafkin Mahamaham mai faɗin eka shida da ɗoriya yake da rijiyoyi 21 a cikinsa da ƙananan ɗakunan bauta 16 a kewayensa. Nasu labarin ya fi ban sha'awa, domin cewa aka yi kogunan ne da kansu suka kai kuka cewa zunuban mutane sun yi musu nauyi, sai aka umarce su da su riƙa zuwa wannan tafki sau ɗaya a shekara 12 su ma su yi wanka. An yi bikin na ƙarshe a Fabrairun 2016. A Pushkar ta Rajasthan, tafki mai matakalu 52 a bakin hamada, an ce furen bado ne ya faɗo daga hannun Brahma, abin bautar da suke ɗauka mahalicci, ruwa ya ɓullo, kuma babban wankansa yana zuwa ne a cikar watan Kartik, wajen Nuwamba, lokaci ɗaya da kasuwar raƙuman da garin ya yi suna da ita.

Wurin da ya fi nuna yadda abin yake a aikace shi ne Rameswaram, wani tsibiri a ƙarshen kudancin Indiya daura da Siri Lanka. Mai ziyara yana fara nitso a teku, a gaɓar da ake kira Agni Tirtham, sannan ya shiga haikalin Ramanathaswamy da jiƙaƙƙun tufafinsa. A cikin farfajiyar akwai ruwaye 22, yawancinsu rijiyoyi, kowanne da sunansa da lambarsa. Ba shiga ake yi ba. A bakin kowace rijiya akwai ma'aikaci tsaye da guga, yana zurawa, ya jawo, ya kwarara wa mutanen da suka sunkuyar da kai a gabansa, su kuma su yi gaba a guje-guje kan dutse mai santsi zuwa ta gaba, tsofaffi suna rawar ɗari, yara suna ihu. Maziyarta sukan lasa su ce ɗanɗanon kowace daban, wata gishiri-gishiri, wata garɗi, duk da cewa taku kaɗan ne tsakaninsu da teku. Sai an gama da ta 22 ake sauya tufa a shiga ɗakin bauta. Akwai kuma tsohuwar al'ada da ta ɗaure wannan tsibiri da arewa: a ɗebi yashin Rameswaram a kai shi Ganga, a ɗebo ruwan Ganga a dawo da shi a zuba a kan alamar Shiba da ke nan, tafiyar da kafin zuwan jirgin ƙasa takan ci watanni.

Ba neman gafara kaɗai yake kai mutane ruwa ba, akwai buƙatun duniya. A Banaras akwai wani tafki mai zurfi kamar rijiya, Lolark Kund, wanda ake sauka cikinsa ta matakalu masu tsayi. Rana ɗaya a shekara, wajen Agusta ko Satumba, ma'auratan da ba su samu haihuwa ba suna yin dogon layi tun dare, su nutsa tare, su saki wani ɗan itace ko kayan lambu a ruwan da alƙawarin ba za su ƙara cinsa ba, su bar tufafin da suka yi wankan da su a nan, har tsummokara su taru tuli. Haka ake yi da tsakar dare a Radha Kund kusa da Mathura. A tsaunukan Himalaya kuwa akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, kamar Tapt Kund na Badrinath inda ake wanka kafin shiga haikali, da Surya Kund na Yamunotri wanda zafinsa ya kai a ƙulle shinkafa a ƙyalle a tsoma ta dahu. Can sama kuma, a Tibet da ke ƙarƙashin ƙasar Sin, akwai tafkin Manasarobar a tudun da ya haura mita 4,500, wanda mabiya Buddha da Jain su ma suke girmamawa.

Abin da ka gani a hotunan 2025 shi ne Kumbh Mela, kuma shi ne misalin yadda lokaci yake ninka darajar wuri. Kumbh tulu ke nan. Labarin ya ce an yi faɗa tsakanin abubuwan bauta da aljanu a kan tulun ruwan rashin mutuwa, ɗigo huɗu suka zuba a Prayagraj da Haridwar da Ujjain da Nashik. Ana lissafin lokacin bikin da tafiyar tauraron Mushtari, wanda yake kammala zagayensa cikin kimanin shekara 12, shi ya sa kowane gari yake karɓar babban taron sau ɗaya a wannan tsakanin. Na Prayagraj ya fi girma saboda a nan Ganga da Yamuna suke haɗuwa, tare da Saraswati da suka ce tana gudana a ɓoye. An yi shi daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025, kuma gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta ce an samu mahalarta fiye da miliyan 660, adadin da ya kamata a karanta da lura, tun da wanda ya dawo sau biyar ana iya ƙirga shi sau biyar. Matsalar ita ce lada a wurinsu ya fi yawa a wasu ranaku ƙalilan, a wasu sa'o'i, a wuri guda, don haka kowa yana son kaiwa bakin ruwa lokaci ɗaya. A daren 29 ga Janairu turmutsutsu ya kashe aƙalla mutum 30 bisa ƙidayar hukuma, a taron 1954 kuwa ɗaruruwa ne suka mutu a wannan gari.

Akwai wani ɓangare na tarihin da bai kamata a tsallake ba. Tunanin tsarki da ƙazanta na ibada ya daɗe yana aiki a kan mutane, ba ruwa kaɗai ba, har aka hana waɗanda ake kira Dalit, na ƙasan tsarin azuzuwan haihuwa, kusantar tafkuna da rijiyoyi da yawa. A ranar 20 ga Maris 1927 Dakta Ambedkar, jagoran Dalit, ya jagoranci dubban mutanensa zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, suka sha ruwa a bainar jama'a, bayan tafiyarsu kuma masu adawa suka zuba fitsari da kashin shanu da nono a tafkin wai don su mayar masa da tsarkinsa. Ambedkar ɗin ne ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950, kuma sashe na 15 ya ambaci rijiyoyi da tafkuna da matakalun wanka da sunayensu cikin wuraren da ba a hana kowa saboda asalinsa. Suka daga cikin gida ma ta daɗe. Littattafansu da kansu sun yi maganar tirtha ta zuci, wato gaskiya da haƙuri da kame kai, mawaƙin nan Kabir kuma, masaƙin Banaras na ƙarni na 15, ya sha yi wa masu dogaro da wanka ba'a da cewa ai kifi da kwaɗo sun fi kowa zama a ruwa.

Tafkunan suna da amfanin da bai shafi ibada ba, domin suna tara ruwan sama su shayar da ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. Inda aka toshe magudanun da suke kawo musu ruwa da gine-gine, ko aka yawaita haƙa rijiyoyin burtsatse, sai su ƙafe. Ram Kund na Nashik ya bushe a farin 2016 har sai da aka riƙa kawo ruwa da tankoki, tafkin Katas Raj na gundumar Chakwal a Pakistan kuma, wanda aka ce hawayen Shiba ne, ya ja baya har Kotun Ƙolin ƙasar ta shiga maganar a 2017 saboda ruwan da masana'antun siminti na yankin suke zuƙewa. A ɗaya gefen kuma ana ƙirƙirar sababbi. A tsibirin Moris da ke nahiyarmu ta Afirka, zuriyar 'yan ƙwadagon rake da aka kawo daga Indiya sun mayar da wani tafki na bakin tsohon dutse mai aman wuta wurin ziyara, a 1972 aka kawo ruwan Ganga aka zuba a ciki, aka sa masa suna Ganga Talao.

Mu koma kan dattin da ka gani. Yawancinsa ba daga maziyarta yake ba, daga ruwan kwatamin birane ne da ake saki ba tare da tacewa ba, da kuma dagwalon masana'antu irin majemun Kanpur. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin tsaftace Ganga a tsakiyar shekarun 1980, ta sake kawo wani mai suna Namami Gange a 2014, amma ko a lokacin taron 2025 hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasar ta ba da rahoton cewa ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida sun wuce ƙa'idar wanka a wasu wurare na Prayagraj. Raba tsarki da tsafta da na ambata tun farko ya taimaka wajen wannan sakaci, domin wanda ya yi imani cewa kogi yana tsarkake komai ba ya saurin firgita da bututun kwatami. Amma daga cikin masu imanin ne aka samu waɗanda suka fi kowa faɗa a kan lamarin. Veer Bhadra Mishra ya kasance shugaban haikalin Sankat Mochan na Banaras, kuma farfesan injiniyan ruwa ne a jami'ar garin. A 1982 ya kafa gidauniyar da take ɗibar ruwan matakalun tana aunawa tana bayyana sakamakon ga jama'a, ya yi shekara 30 yana matsa wa hukumomi lamba su kawar da bututun kwatami daga wuraren wanka. Ya san adadin ƙwayoyin cutar da ke gaban matakalar gidansa fiye da kowa a garin, kuma duk da haka al'adarsa ce ya sauka da asuba ya nutsa a kogin. Ya rasu a 2013.